Sharhi: Injin da ya kashe kansa yana da dalili, a nemi dalilin kafin a sake tayar da shi

Duk shekara, da zarar watan Maris ya kama, zafin bazara ya fara tsananta daga Yamai har Damagaram, magana ɗaya ce a bakin jama'a: wuta. Mai sayar da ƙanƙara a Maraɗi, mai walda a Tawa, tela a Tasawa, mai injin niƙa a Madawa, ungozomar da ta karɓi haihuwa da hasken salula, kowa yana da labarin da zai bayar. Bayanin da aka saba ji daga kamfanonin wuta na wannan yanki kuwa gajere ne: an samu tangarɗar na'ura, ana ba jama'a haƙuri. Wace na'ura ce, me ya same ta, wa ya gano matsalar, me aka yi don kada ta sake faruwa, ba kasafai ake faɗa ba.

Wannan sharhi zai tsaya a kan wani ɓangare na matsalar da ba a cika tattaunawa a kai ba. A tashoshin samar da lantarki na zamani, musamman masu aiki da injin turbin na iskar gas, sau da yawa inji yakan tsaya ba tare da wani ƙarfe ya karye ba. Na'urar da ke sarrafa shi ce take yanke hukuncin tsayar da shi, saboda wani abu da ta gani, ko kuma wanda aka nuna mata bisa kuskure. Ƙasar da ta sayi irin wannan inji, amma ba ta da ƴaƴanta da za su iya karanta dalilin tsayuwarsa, ta biya kuɗi ne ta bar makulli a hannun wani. Hujjar wannan matsayi tana cikin yadda injin yake aiki, don haka daga can ya kamata a fara.

Yadda turbin ke aiki da abin da ke tsaron sa

Injin turbin na gas ɗan'uwan injin jirgin sama ne. Yana zuƙar iska mai yawan gaske, ya matse ta, a zuba mata gas ko gazuwal a kunna wuta. Iskar da ta yi zafi sama da digiri 1,000 ta fito da ƙarfi ta bugi jerin fukafukai, su juya sandar da ke haɗe da janareta. A ƙasashen da wutarsu ke bugawa sau 50 a daƙiƙa, kamar Nijar da Najeriya, janaretan irin wannan tasha yana juyi 3,000 a minti ɗaya. Ƙarfe ne mai nauyin tan-tan da ke wannan gudu a cikin zafin da ya isa ya lalata shi nan take idan sanyayawa ta gaza. Babu ɗan adam da idonsa da hannunsa za su iya riƙe irin wannan inji.

Shi ya sa ake ɗora aikin a kan kwamfutoci na musamman. Kamfanin General Electric yana da jerin nasa da ake kira Mark, irin su Mark V da Mark VIe, Siemens kuma yana da SPPA-T3000. Aikinsu kashi uku ne. Na farko, tayar da inji da tsayar da shi mataki bayan mataki: a kunna famfon man inji, a fara juya sanda, a hura iska ta share duk wani ragowar gas da ya taru a ciki, sannan a kunna wuta, a ƙara gudu sannu a hankali. Na biyu, daidaita yawan man da ake ƙonawa a kowane lokaci gwargwadon nauyin da aka ɗora wa janareta da zafin hayaƙin da ke fita. Na uku, kariya. Idan gudu ya zarce ƙa'ida da kusan kashi 10 cikin 100, ko harshen wuta ya mutu alhali gas na ci gaba da shiga, ko girgiza ta yi yawa, ko matsin man inji ya faɗi, na'urar takan rufe bawul ɗin gas cikin ƙiftawar ido.

Kwamfutar ba ta da ido ko kunne nata na kanta. Abin da ɗaruruwan ma'aunai suka gaya mata shi ta sani: ma'aunin zafi, ma'aunin gudu, ma'aunin girgiza, ma'aunin matsi, da ƙaramin gilashin da ke leƙen harshen wuta. Kowane ɗaya yana aiko saƙonsa ta siririyar waya mai tafiyar mita da yawa, ta ratsa zafi da ƙura da girgiza kafin ta isa ɗakin sarrafawa. Da yake ma'auni na iya yin ƙarya, masu ƙera injin sukan sa guda uku a wurare masu haɗari, kwamfuta ta ɗauki maganar biyu daga cikin ukun. Tsari ne irin na shaidu a gaban alƙali: idan biyu suka yi daidai, an yi watsi da na ukun. Idan kuwa shaidun suka rarrabu har aka rasa mai gaskiya, na'urar takan zaɓi tsayar da inji, domin an gina ta ne a kan cewa duhun awa ɗaya ya fi sauƙi a kan injin da ya tarwatse.

Darasin Little Barford

Misalin da ya fi fito da wannan fili ya faru ne a ƙasar da ba ta rasa kuɗi ko ƙwararru ba. Ranar Juma'a 9 ga watan Agusta na 2019, da ƙarfe 4 da minti 52 na yamma, tsawa ta faɗa a kan wani babban layin wuta a Ingila. Na'urorin kariyar layin sun yi aikinsu, layin ya dawo cikin daƙiƙoƙi. Amma a daidai wannan lokaci tashar Hornsea mai aiki da iska a cikin teku ta yi asarar megawat 737, tashar gas ta Little Barford kuma ta fara faɗuwa.

Little Barford tana da turbin biyu na gas da ɗaya na tururi, wanda ke amfani da zafin hayaƙin sauran biyun. Na tururin ne ya fara tsayawa, ya tafi da megawat 244, kuma bincike ya nuna cewa saɓani ne aka samu tsakanin saƙonnin ma'aunai uku na gudu. Da ya tsaya, tururin da ake ci gaba da samarwa yana buƙatar hanyar kaucewa. Matsi ya hau a wannan hanya, kusan minti ɗaya bayan haka turbin ɗin gas na farko ya kashe kansa da megawat 210. Ma'aikatan tashar, ganin yadda matsin tururi ke ƙaruwa, suka tsayar da na biyun da hannunsu, megawat 187. Tashar ta rasa megawat 641 ke nan cikin ƙasa da minti biyu.

Bugun wutar ƙasar ya sauka daga 50 zuwa 48.8, matakin da na'urori ke yanke wa wasu unguwanni wuta da kansu don ceton sauran. Masu amfani da wuta sama da miliyan ɗaya suka shiga duhu. An maido da wutar cikin kimanin minti 45, amma jiragen ƙasa sun maƙale na sa'o'i, domin wasu daga cikinsu kwamfutocinsu sun kulle kansu, sai da aka aika ma'aikaci ɗauke da kwamfuta zuwa kowane ɗaya kafin su tashi.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin darasin. Ba a cika wata ɗaya ba, kamfanin da ke kula da daidaita wutar ƙasar ya miƙa cikakken rahoto mai jera abin da ya faru daƙiƙa bayan daƙiƙa, aka kuma wallafa shi kowa ya karanta. A watan Janairun 2020 hukumar sa ido ta Ofgem ta bayyana cewa masu Little Barford da masu Hornsea kowannensu zai biya fam miliyan 4.5. An san abin da ya fara, an san abin da ya biyo, an san wanda zai gyara.

A jahar Texas ta Amurka ma, a watan Fabrairun 2021, sanyi mai tsanani ya tsayar da ɗaruruwan injuna, aka rasa rayuka sama da 200. Daga cikin manyan dalilan da rahoton hukumomin ƙasar ya lissafa akwai daskarewar ma'aunai da ƙananan bututun da ke kai musu matsi. Injin lafiya lau, amma ma'aunin da ya daskare ya gaya wa kwamfuta ƙarya, ita kuma ta yi abin da aka gina ta don ta yi.

Yadda gwani ke neman dalili

Idan inji ya tsaya, allon ɗakin sarrafawa yakan cika da ƙararrawa, wani lokaci gommai cikin daƙiƙa kaɗan. Matsin gas ya faɗi, wuta ta mutu, gudu ya ragu, janareta ya fita daga layi. Mafi yawansu sakamako ne na tsayawar. Aikin farko na injiniya shi ne gano wadda ta fara bugawa. Kwamfutar tana ajiye kundi mai rubuta lokacin kowane abu har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Amma wannan kundi ba ya amfani idan agogon kwamfutar turbin da na janareta da na tashar rarraba wuta ba su daidaita ba. Bambancin daƙiƙa biyu ya isa ya sa a ɗauki sakamako a matsayin dalili, a kwana uku ana kwance ɓangaren da ba shi da laifi.

Tambaya ta biyu: abin da ma'auni ya faɗa gaskiya ne ko ƙarya? A nan ne ake rarrabe gwani da ɗan koyo. A bakin fitar hayaƙi akwai ma'aunan zafi da aka jera a zagaye, kwamfuta tana kwatanta su. Idan ɗaya tak ya yi tsalle daga digiri 540 zuwa wani adadi marar ma'ana cikin ƙiftawar ido, alhali maƙwabtansa na dama da hagu ba su motsa ba, zargi ya fi ƙarfi a kan ma'aunin ko wayarsa, domin zafin gaske ba ya canzawa haka. Idan kuwa uku ko huɗu da ke jere da juna suka sauka tare, to akwai yiwuwar wani bakin feshin gas ya toshe ko wuta ta mutu a ɗaya daga cikin ɗakunan ƙonewa. Na farkon gyaran sa'a ɗaya ne. Na biyun, idan aka yi sakaci da shi, yana iya cinye fukafukan da kuɗinsu ya kai miliyoyin daloli.

Haka ake bin sauran sassa. Yawancin ma'aunai suna aiko saƙo tsakanin miliyamfa 4 da 20. An zaɓi a fara daga 4 ne da gangan, ta yadda idan aka ga sifili za a san waya ce ta tsinke. Ana kwatanta umarnin da kwamfuta ta ba bawul ɗin gas da matsayin da bawul ɗin ya ce yana ciki. Idan umarni ya ce buɗe rabi, bawul ya tsaya ƙasa da haka ko yana rawa, sai a duba man da ke tura shi, wanda idan ya tsufa yakan bar wani danƙo mai toshe ƙananan ƙofofi. Gilashin da ke leƙen wuta yakan yi datti ko raɓa, ya ce wuta ta mutu alhali tana ci. Sukurun da ya saki a cikin akwatin wayoyi yakan kawo matsalar da ke zuwa ta tafi, wadda ta fi kowace cin rai. Sannan akwai baturan tasha, waɗanda ba wanda ke tunawa da su sai ranar da wuta ta ɗauke gaba ɗaya. Su ne ke riƙe kwamfuta, su ne kuma ke juya famfon gaggawa mai kai wa sanda mai yayin da take rage gudu. Idan suka gaza a wannan lokaci, sandar takan ci wurin zamanta, gyaran ya ɗauki watanni.

Duk wannan aiki ne na natsuwa, kuma natsuwa ita ce abin da ke fara ɓacewa idan gari ya shiga duhu. Waya na ta bugawa daga manya, kowa na tambayar yaushe wuta za ta dawo. A irin wannan hali ne ake faɗawa cikin kurakurai biyu. Na farko, a goge ƙararrawa a sake tayar da inji ba tare da an san dalili ba. A lissafin kamfanin General Electric, tsayawar gaggawa ɗaya daga cikakken aiki tana tsufar da sassan inji masu zafi kamar an tayar da shi sau takwas. Injin da aka yi ta gwadawa yana faɗuwa, ana cin shekarunsa ne tun kafin lokaci. Kuskure na biyu ya fi muni: a haɗa waya a tsallake kariyar da ke damun mutane, ko a shiga kwamfuta a ɗaure saƙon ma'auni a kan adadin da ake so. Wuta takan dawo, a yaba wa ma'aikaci, a manta da abin da aka ɗaure. Ranar da haɗarin gaske ya zo, mai gadin yana ɗaure. Akwai lokutan da ƙa'ida ta yarda a ɗaure saƙo na ɗan lokaci, amma sai da izini a rubuce, da sunan wanda ya yi, da ranar da za a kwance.

Zafi da ƙurar Sahel

Ƙarfin da ake rubutawa a jikin turbin an auna shi ne a iska mai digiri 15, a daidai matakin teku. Iska mai zafi ba ta da nauyi, injin kuma da nauyin iskar da ya zuƙa yake aiki. A ranar da zafi ya kai digiri 45, kamar yadda ake gani a watan Afrilu da Mayu, turbin na iya rasa kusan kashi ɗaya bisa biyar na ƙarfinsa, a daidai lokacin da kowa ke kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki. Wannan ba lalacewa ba ce. Kwamfuta ce ke rage mai don kada zafin ciki ya wuce iyaka. Duk jami'in da ya matsa wa ma'aikata su ɗaga wannan iyaka don a cika alƙawarin da aka yi wa jama'a, yana cin bashin da fukafukan inji za su biya.

Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatun iska, abin da ya tsallake ya manne a fukafukan da ke matse iska, ƙarfi ya ragu. Tana shiga akwatunan kwamfuta ta kwanta a kan katunan lantarki, da damina ta sha raɓa ta fara haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. Ɗakin sarrafawa da na'urar sanyayawarsa ta lalace aka bar shi mako biyu ana jiran sa hannu, yana dafa kayan da suka fi na'urar sanyayawar tsada sau ɗari. Zafi yana rage kwanan batura. Ɓeraye da ƙadangaru suna samun mafaka a ramukan wayoyi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar ƙwararre daga Turai. Suna buƙatar tsari, da kasafin kuɗin kulawa da ba a taɓa shi, da shugaban tasha da ake sauraren maganarsa.

Ina ruwan Nijar da wannan?

Gaskiya ne cewa manyan tashoshin Nijar ba turbin na gas ne ke riƙe da su ba. Tashar Gorou Banda da aka buɗe a 2017 da megawat 80 injunan gazuwal ne, kusa da ita aka ƙara tashar hasken rana mai megawat 30 a 2023. Tashar SONICHAR ta Anu Araren da ke ciyar da arewa tana ƙona gawayin ƙasa ne. Amma alaƙar tana nan ta hanyoyi uku.

Ta farko, layukan da suka haɗa ƙasar da Najeriya: na Birnin Kebbi zuwa Yamai, da na Katsina zuwa Gazawa wanda aka gina don jahohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da NIGELEC ke rarrabawa daga can take zuwa. Mafi yawan lantarkin Najeriya kuwa daga iskar gas ake samun sa, a tashoshi irin su Geregu, Afam, Omotosho da Azura-Edo, duk masu aiki da turbin. Matuƙar ana karɓar wuta ta waɗannan layuka, injin da ya kashe kansa a kudancin Najeriya yana iya kashe fitila a Gidan Rumji.

Ta biyu, abin da ya faru a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wuta a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO har zuwa watan Maris na 2024, ya koya wa kowa cewa dole ƙasa ta samar da nata. Nijar tana da mai a Agadem, tana da matatar SORAZ tun 2011, inda ake haƙo mai kuwa akan samu gas. Daga ƙetaren iyaka, ana shimfiɗa bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, a Maiduguri kuma an buɗe tashar gas mai megawat 50 a 2023. Turbin yana matsowa ƙasar Hausa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta uku, duk tashar zamani, ta gazuwal ce, ta rana ce, ko ta ruwa irin wadda ake ginawa a Kandaji, kwamfuta da ma'aunai ne ke tafiyar da ita. Wanda ya iya bin saƙo daga ma'auni zuwa allo a tasha ɗaya, zai iya a sauran.

Abin da ya kamata a yi

Abu na farko yana cikin kwangila. Idan ana cinikin tasha, hankalin kowa yakan tafi ga megawat nawa da kuɗi nawa da ranar yanke ƙyalle. Ba kasafai ake tambayar wa zai riƙe kalmar sirrin kwamfuta ba. Wajibi ne kowace yarjejeniya ta tilasta wa mai sayarwa ya miƙa cikakken zanen wayoyi, da bayanin dabarun da aka rubuta a cikin kwamfuta, da lasisin manhajar bincike, da kwafin ajiya na dukkan saiti, cikin harshen da ma'aikatan ƙasa ke karantawa. Akwai sassan da mai ƙera inji ke da hujjar kullewa don kada a taɓa iyakokin kariya. Amma ikon gani da karantawa haƙƙin mai tasha ne. Watannin takunkumi sun nuna yadda iyaka kan rufe, jirage su daina sauka. Tashar da ba ta tashi sai baƙo ya zo da kwamfutarsa, a irin wannan lokaci tarin ƙarfe ce kawai.

Na biyu, mutane. Ƙasar tana da makarantar EMIG a Yamai, da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, da ta André Salifou a Damagaram, da ta Djibo Hamani a Tawa, da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa. Ya kamata a ƙarfafa fannin ma'aunai da sarrafa injuna a cikinsu, da kayan gwaji na gaske, a kuma buɗe wa ɗalibai ƙofar tashoshi don koyon aiki. A sa matasa cikin aikin tun ranar da ake jan waya ta farko, domin wanda ya ga yadda aka haɗa tasha shi ya fi saurin gano inda ta saki. Sannan a biya su albashin da zai riƙe su. Horar da injiniya shekara biyar, a bar kamfanin mai ko wata ƙasa ta ɗauke shi saboda bambancin albashi kaɗan, asara ce da ta fi ta kowane bawul.

Na uku, kayan canji. Katin lantarki da bai fi tafin hannu ba yana iya tsayar da tasha mai ciyar da jaha guda. Masu ƙera waɗannan kwamfutoci sukan daina yin tsofaffin samfura bayan wasu shekaru. Dole kowace tasha ta san kayan da rashinsu ke tsayar da ita, ta ajiye su a wuri mai sanyi da tsabta, hukumomin sayen kaya da na kwastan kuma su ware musu hanya ta gaggawa.

Na huɗu, a kare ma'aikacin da ya ce a dakata. Injiniyan da ya ƙi sake tayar da inji har sai ya karanta kundi yana kare dukiyar ƙasa ne. Idan kowane kuskure hukunci yake jawowa, ma'aikata za su koyi ɓoyewa, matsalar da aka ɓoye kuma takan dawo da girma. A kuma tsare kwamfutocin tasha daga intanet da ƴan makullan ajiya da kowa ke sokawa, domin ƙwayar cutar kwamfuta ba ta san bambancin ofis da ɗakin sarrafawa ba.

Na biyar, a gaya wa jama'a gaskiya. Hukumar ARSE mai sa ido a kan sashen makamashi tana da hurumin da ya dace da wannan aiki. Duk katsewar da ta shafi gari ko jaha ta cancanci rahoto cikin ƙayyadadden lokaci: me ya fara, me ya biyo baya, me aka gyara, wa ke da alhakin sauran. A fitar da taƙaitaccen bayaninsa da Faransanci da Hausa da Zarma da sauran harsunan ƙasa, a karanta a gidajen rediyo. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Kamfanin da ya san zai yi bayani a rubuce yakan yi bincike na gaske, kuma mutumin da aka gaya wa dalili yakan fi haƙuri a kan wanda aka bari da jita-jita.

Akwai masu cewa ƙasar da yawancin ƙauyukanta ba su ga wuta ba tukuna, ba ta kai matsayin damuwa da irin waɗannan abubuwa ba, a fara samo injunan. Maganar tana da nauyi, domin ƙarancin wuta shi ne babban ciwo. Amma megawat ɗin da aka riga aka biya kuɗinsa, yana zaune saboda ma'aunin da ba a gano ba, shi ne mafi araha da za a iya dawowa da shi. Kuɗin horar da ma'aikata da ajiye kayan canji ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin gina tasha, ko da kuɗin hayar janaretoci a lokacin gaggawa.

Bazara za ta sake zuwa kamar yadda ta saba. Kafin ta zo, ya dace majalisun gudanarwa na kamfanonin wuta da ma'aikatar makamashi su nemi amsar tambayoyi kaɗan daga kowace tasha: sau nawa injuna suka tsaya da kansu a shekarar da ta wuce, a guda nawa aka gano ainihin dalili, saƙonni nawa ne ke ɗaure a cikin kwamfuta a yau, yaushe aka gwada batura, kuma mutum nawa ne ƴan ƙasa za su iya gano matsala da tsakar dare ba tare da an kira waje ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai idan an bar masa makullin ɗakin.